Kilomita 75 Don Kallon Bado

Da na gaya wa ƙanena cewa gobe da sassafe zan hau jirgin ƙasa in bar Faris, in tafi wani ƙauye kallon gidan wani mai zane da ya mutu tun 1926, sai ya ajiye kofin shayinsa ya zuba mini ido. Shekararsa goma sha ɗaya a Faransa yana tuƙa motar rarraba kaya, babu lungun birnin da bai sani ba, amma bai taɓa jin sunan ƙauyen ba. Na nuna masa hoton wurin a waya. Ya buɗe hoton da yatsu biyu, ya matso da shi kusa da ido, sannan ya fashe da dariya.

"Yaya, wannan ai bado ne."

Na ce masa bado ne.

"Ka sha wahalar biza, ka kwana a jirgi, ka zo har nan don ka biya kuɗi ka kalli bado? Wanda muke tsinkowa a tafkin bayan gari, mu dawo da matsattsaku a ƙafa Inna tana faɗa?"

Ban iya ba shi amsa ba a daren. Kwana biyar kacal gare ni a birnin, uku na taron da ya kawo ni ne, kuma ga jerin saƙonnin mutanen gida a aljihu: turare, takalman yara, jakar amarya. Namu in ya zo Faris akwai hanyar da ya saba bi. Ya ɗauki hoto a gindin hasumiyar Eiffel, ya yi Juma'a a babban masallaci, ya shiga Château Rouge ya ci abinci mai yaji, ya cika akwati ya koma. Ban raina ko ɗaya a ciki ba, ni ma na yi su. Sai dai ina da ra'ayin cewa duk wanda Allah ya ba shi yini ɗaya na kansa a tafiya irin wannan, ya fita daga birni ya je inda wani gwani ya zauna ya yi aikinsa. Abin da gidan tarihi na birni yake nuna maka shi ne aikin da aka gama, an sa masa firam an rataye, an ja igiya a gabansa. In kana son ka ga yadda aka yi har aikin ya samu, da irin ɗawainiyar da ya ci, da mutanen da aka ɓata wa rai a kan hanya, to sai ka je gidan mai shi. Giverny, wanda Faransawa ke furtawa kamar Jiberni, ya koya mini haka fiye da yadda na zata, ko da yake ina da ƙorafe-ƙorafe a kansa, kuma zan zo kansu.

Claude Monet ya iso ƙauyen a 1883 yana da shekara 42, ba da wata dukiya ba. Matarsa ta fari, Camille, ta rasu tun 1879 ta bar masa 'ya'ya maza biyu. Tare da shi akwai Alice Hoschedé da nata 'ya'yan shida, wadda sai a 1892 suka yi aure. Gida mai yara takwas ke nan, kuma haya ya kama. Shekara tara kafin wannan, a 1874, wani mai sharhi a jarida ya ɗauki sunan wani zanensa na fitowar rana a tashar jiragen ruwa ta Le Havre ya yi masa ba'a da shi, ba'ar ta zama sunan salon zanen baki ɗaya. Laifinsu shi da abokansa shi ne sun bar zanen sarakuna da yaƙe-yaƙe a cikin ɗaki, sun fita fili suna bin yadda haske ke sauka a kan ruwa da ciyawa. Kasuwa ba ta buɗe masa sosai ba sai a ƙarshen shekarun 1880, musamman da attajiran Amurka suka fara saye. A 1890 ya sayi gidan da yake haya. A cikinsa ya zauna shekara 43, a cikinsa ya cika ranar 5 ga Disamba 1926.

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma abu na farko da mai shirin zuwa zai duba shi ne kalanda. Gidan yana buɗe ne daga farkon Afrilu zuwa 1 ga Nuwamba. In hunturu ya shigo ana rufe shi ruf, masu lambu su tuge su sake shuka. Mutanenmu da yawa suna zuwa Turai a Disamba da Janairu lokacin hutu, to su sani ƙofa a kulle za su tarar. A cikin watanni bakwai ɗin ma kowane wata da tasa fuskar. Afrilu na tulif ne. A Mayu wata shuka mai yaɗo take zubo furanninta ruwan shunayya a kan gadar tafkin. Yuni na wardi ne. Shi kuwa bado, wanda shi ne uban tafiyar, sai daga ƙarshen Yuni zuwa Agusta yake cika ido, kuma dabi'arsa ɗaya da namu na fadama: sai rana ta ɗaga yake buɗewa, kafin yamma ya rufe bakinsa. Wanda ya je a Afrilu yana neman bado zai dawo yana cewa an cuce shi, alhali shi ya yi kuskuren wata. Ni a makon farko na Yuli na je, kuma ba dabarata ba ce, masu taron ne suka sa ranar.

Abu na biyu tikiti. A saye shi ta intanet tun kafin ranar, domin layin masu saye a bakin ƙofa yana iya cinye maka awa guda a tsaye. Kuɗin shiga bai kai yuro 20 ba. Abu na uku, kuma a nan nake da taurin kai: kada ka yarda da tayin kamfanonin yawon buɗe ido da ke haɗa Giverny da fadar Versailles a yini ɗaya. Wani matashi a otal ɗin da na sauka ya yi ta lallashina da takardar irin wannan tafiya, wai jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Washegari na ga mutanen da suka bi wannan hanya da idona. An sauke su daga doguwar mota, wata baiwar Allah tana gaba ta ɗaga laima a rufe kamar tuta, suna bin ta a guje, ta ce su ɗauki hoto a nan, su ɗauki hoto a can, minti kaɗan ta tattara su. Sun je, sun kuma ga komai, amma ban ga wanda ya samu ya zauna a kan benci ba. Sauri ya haifi nawa.

Jirgin yana tashi daga tashar Saint-Lazare. Kafin ka hau, ɗaga kai ka dubi rufin ƙarfe da gilashi da ke samanka, domin a 1877 Monet ya kafa katakon zanensa a wannan tashar ya zana ta sau goma sha biyu, da hayaƙin jirage yana tokare da rufin. Hayaƙin ya tafi, rufin yana nan. Tafiyar ba ta kai awa guda ba, jirgin yana bin gaɓar kogin Sen har garin Vernon, bakin ƙasar Normandi. Daga Vernon zuwa ƙauyen saura 'yan kilomita, akwai bas da ke jiran jiragen Faris a bakin tasha.

Ni dai bas ɗin ta tafi ta bar ni. Na tsaya neman inda zan kama ruwa, kafin in fito sai bayanta na hango. Mai gidan shan kofi da ke fuskantar tashar ya nuna mini kekunan haya a jingine. Rabona da keke tun ina ɗan sakandare, ga ni cikin kaftani da hula. Na naɗe ƙasan rigar na cusa a wando, na ce bismillah. Wannan kuskuren shi ya zame mini alheri mafi girma a tafiyar. Na haye gadar Sen, na hango wani tsohon injin niƙa na katako ɗare a kan ragowar ginshiƙan wata tsohuwar gada, kamar akurkin da aka ɗora a kan duwatsu, sannan na hau wata siririyar hanya da aka shimfiɗa a kan tsohon layin dogo. Babu mota. Hagu tudu ne, dama makiyaya da shanu farare suna kwance. Iska tana ɗauke da ƙamshin ciyawar da aka yanka. Tun kafin in isa na fara gane abin da mutumin ya gani a wurin: hasken yankin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Girgije ya gifta, koren gona ya koma toka-toka, ya wuce, ya dawo kore shar. Mu da muka tashi inda rana ke fitowa da ƙarfinta ta faɗi da ƙarfinta, sai mun ga wannan da ido muke fahimtar dalilin da zai sa mutum ya jera allunan zane da dama a gabansa, yana tsalle daga wannan zuwa wancan duk sa'ad da haske ya juya.

Gidan dogo ne siriri, tsawonsa mita 40, faɗinsa mita 5 kacal, bango ruwan hoda, tagogi da matakala kore. Ga gaskiyar da ya kamata kowa ya sani kafin ya sayi tikiti: zanen da ke rataye a ɗakin aikinsa na farko, daga ƙasa har rufi, duk kwafi ne. Na ainihin suna Faris da sauran manyan biranen duniya. Na ji wani Ba'amurke yana tambayar ma'aikaciya wanne ne na gaske, da ta ba shi amsa sai fuskarsa ta faɗi kamar wanda aka ce masa an fasa biki. Ni ban ji haushi ba don na sani tun daga gida, kuma sanin ya sa na mai da hankali kan abin da ke na gaske. Hotunan Japan na bugun katako da ya tara, sama da 200, na Hokusai da Hiroshige da Utamaro, su ne suka rufe bangayen gidan. Mutumin da bai taɓa taka Japan ba, da su yake kwana da su yake tashi.

Ɗakin cin abinci rawaya ne gaba ɗaya, bango da kujeru da kabad, rawaya biyu, mai haske da mai ɗan duhu. Ka tsallaka ƙofa ɗaya sai ka faɗa kicin shuɗi, an manne bangonsa da tayil na garin Rouen, tukwanen jan ƙarfe a jere daga babba zuwa ƙarama, ga wani ƙaton murhun ƙarfe da zai dafa wa gidan suna abinci. Na daɗe a kicin ɗin fiye da ko'ina a cikin gidan. Yana gaya maka cewa mai gidan nan mutum ne mai iyali da baƙi, mai son cikinsa, mai ƙa'ida. Da asuba yake tashi, kuma ƙarfe 11 da rabi ake zama cin rana, don kada ya rasa hasken yamma. Muna da wata al'ada ta ɗaukar mai fasaha a matsayin wanda baiwa ke sauko masa daga sama yana kwance. Kicin ɗin Monet da agogonsa sun fi kama da gidan babban manomi da ke fita gona kafin gari ya waye.

Gaban gidan lambu ne mai girman kusan kadada ɗaya. Da ya zo gonar tuffa ce, ya sare ya mai da ita ta furanni, har suka yi ta sa-in-sa da Alice a kan wasu manyan itatuwa da ke bakin hanyar tsakiya, ita tana so a bar su, shi yana cewa sun tare masa rana. Yana da kyau ƙwarai, amma ba zan ɓata lokaci a kansa ba. Abin da ya kawo ni yana tsallaken titi, ta wata hanyar ƙarƙashin ƙasa.

A 1893 Monet ya sayi wani fili mai dausayi a hayin layin dogo, inda wani ƙaramin rafi mai suna Ru, reshen kogin Epte, yake wucewa. Ya nemi izinin karkatar da ruwan ya haƙa tafki. Mutanen ƙauye suka ce ba su yarda ba. A rafin nan suke shayar da dabbobinsu, a nan mata ke wanki, kuma ga baƙo ɗan birni zai zuba wasu tsirrai da ba a san asalinsu ba, wa ya sani ko guba ne? Sai da ya kai kuka ga shugaban gundumar Eure kafin a ba shi izini. Duk littafin da ya ba da labarin nan yakan nuna manoman a matsayin jahilai da suka tsaya wa fasaha a gaba. Ni ban ga haka ba. Duk wanda ya taɓa zama a fadama ya san abin da ake nufi in na sama ya tare ruwa. Ba a wasa da mashaya. Da a ƙauyenmu ne wani attajiri ya sauka ya ce zai juya rafi don ya shuka fure ya riƙa kallo, da maganar ta kai gaban hakimi kafin la'asar, kuma da ina cikin masu rakiya. Manoman Giverny ba su yi daidai ba game da gubar, amma tambayar da suka yi tambaya ce ta masu hankali, kuma mutumin da ya fi su kuɗi da sanin manya shi ya yi nasara. Tsayuwa a bakin tafkin da wannan a zuciya ya fi tsayuwa da baki buɗe.

Ba wannan ne kaɗai karon da kuɗi ya yi masa aiki ba. A 1891 yana cikin zana wani jerin dogayen itatuwa a gaɓar Epte sai hukumar ƙauyen Limetz ta sa su a gwanjo. Ya nemi mai sayen katako suka shirya, ya ba da kuɗi aka bar itatuwan a tsaye har ya gama, sannan gatari ya hau su. Wannan mutum ba ya jiran ya tsinci abin zanawa a hanya. In babu shi zai gina, in za a rushe zai biya a dakata.

Haka tafkin yake. Irin badon ma sayo shi ya yi daga gandun Latour-Marliac da ke kudu maso yammacin Faransa, inda aka yi wa farin badon Turai aure da wasu irin har ya fito da ja da rawaya da ruwan hoda. Ya gina gada mai lanƙwasa irin ta Japan ya shafa mata kore. Ya dasa gora, da itatuwan nan masu rassa da ke zubowa har su taɓa ruwa. Ya ɗauki masu lambu har shida, ɗaya daga cikinsu aikinsa tafkin kawai: ya shiga kwalekwale da sassafe ya tsince matattun ganye, ya wanke ƙurar da ta sauka a kan masu rai, kafin maigida ya fito. Daga nan ya shafe kusan shekara 30 yana zana wannan ruwa, zane wajen 250. Da farko akwai gada da gaɓa a ciki. Sannu a hankali gaɓar ta fita, sararin sama ya fita, sai ruwa zalla da abin da ruwan ya ɗauko: inuwar girgije, inuwar rassa, da bado yana yawo a tsakani.

Na sami benci a ƙarshen tafkin na zauna kusan awa ɗaya. Minti goma na farko bado kawai nake gani, kuma maganar ƙanena tana yi mini yawo a ka. Daga baya ido ya gaji da furen ya sauka kan ruwan. A wuri ɗaya, ba tare da ka motsa kai ba, kana iya ganin abu uku: ganyen da ke kwance a sama, ciyawar da ke karkaɗawa a ƙasa, da girgijen da ke can sama amma ga shi a tsakaninsu. In ka kama ɗaya sai biyun su kuɓuce. Iska ta ɗan taɓa ruwan, duka su wargaje su sake haɗuwa. Shekarun da na yi ina shiga tafkin bayan garinmu ban taɓa ganin wannan ba, kuma yana nan a wurin tun fil azal. Mu saiwar muke nema da 'ya'yan, don bado a wurinmu abin ci ne, kakanninmu sun san ranarsa a shekarun yunwa. Mai neman abin kai wa baki ba ya tsayawa kallon girgije a cikin ruwa, kuma ba na ganin laifinsa. Amma ni a ranar ba yunwa nake ji ba, don haka ba ni da uzuri.

Yanzu ga ƙorafin. Na farko, cunkoso. Ƙauyen da mazaunansa ba su wuce ɗari biyar ba yana karɓar baƙi fiye da rabin miliyan a cikin wata bakwai. Da hantsi gadar nan ta Japan ba ka ganin katakonta don mutane, kowa ya juya wa tafkin baya yana murmushi ga wayarsa. Hanyoyin ƙanana ne, ana tafiya kamar masu jifan shaiɗan. Maganinsa ɗaya ne: ka kasance a bakin ƙofa kafin a buɗe, ka wuce tafkin kai tsaye ka bar gidan sai daga baya, ko kuma ka jira sai bayan ƙarfe 4 in manyan motoci sun kwashe nasu, ka haƙura da cewa badon ya fara rufewa.

Na biyu ya fi nauyi. Abin da kake gani ba hannun Monet ne ya bar shi haka ba. Bayan rasuwarsa Blanche, 'yar Alice kuma matar ɗansa Jean, ta riƙe gidan har ta rasu a 1947. Daga nan aka bar shi. Ɗansa Michel ya mutu a haɗarin mota a 1966, ya bar wasiyyar gidan ga cibiyar fasaha ta Académie des Beaux-Arts, aka kwashe zanen da suka rage zuwa gidan tarihi na Marmottan. Kafin a waiwayi gidan, katakon daɓe ya ruɓe, itatuwa sun tsiro a cikin babban ɗakin aiki, tafkin ya cike da laka, gadar ta lalace har ba ta gyaruwa. Gérald Van der Kemp, wanda ya yi aikin gyaran fadar Versailles, shi aka ba aikin a 1977, kuma yawancin kuɗin daga attajiran Amurka ya fito. An sake haƙa tafkin, an sake gina gadar, an bi tsofaffin hotuna da wasiƙu da tunanin waɗanda suka san lambun aka sake shuka. A 1980 aka buɗe wa jama'a. Mai son gardama zai ce to ashe kwaikwayo muka je kallo, zanen kwafi, gadar kwafi. Akwai gaskiya a maganarsa, kuma na fi jin ta a babban ɗakin da ya gina lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya don manyan zanensa na ƙarshe, wanda yanzu kantin tsaraba ne. Inda tsoho mai yana a ido ya tsaya yana kokawa da allunan da suka fi shi tsayi, yau ana sayar da laima da kofi da tawul masu hoton bado. Na sayi kofi biyu, kada in yi ƙarya.

Amma lambu ba gini ba ne da za a ce wannan tubalin na asali ne. Ko yana raye kowace shekara sabon fure ne, na bara ya mutu. Abin da ake gada a lambu shi ne tsari da wuri da ruwa da haske, kuma waɗannan suna nan: rafin Ru ne dai yake cika tafkin, rana ta inda ta saba take faɗowa. A kan wannan na tsaya, ko da yake ba zan yi musu da wanda kantin tsarabar ya ɓata wa rai ba.

Sauran ƙauyen titi ɗaya ne dogo mai sunan mutumin. Akwai tsohon otal ɗin Baudy inda matasan masu zane daga Amurka suka riƙa sauka suna neman kusanci da shi, akwai wani gidan tarihi na zane, kuma a can ƙarshe akwai cocin Sainte-Radegonde inda kabarinsa yake tare da iyalinsa, kusa da na wasu sojojin saman Birtaniya bakwai da jirginsu ya faɗi a Yunin 1944. Ka tafi da guzurinka. Gidajen abincin ƙauyen suna da tsada, kuma tambayar me aka sa a ciki tana da wuya in Faransancinka na gaisuwa ne. Ni burodi da cuku da dabino na ɗauka. Ban ga masallaci ba, don haka a hanyar komawa na jingine keken a gindin wata bishiya, na yi alwala da ruwan gora, na shimfiɗa rawanin da ke jakata na haɗa Azahar da La'asar, wata saniya tana kallona ta saman shinge. A Yuli rana ba ta faɗuwa a can sai wajen ƙarfe 10 na dare, saboda haka babu abin da ke korar mutum.

Sharaɗi na ƙarshe a shirin shi ne inda za ka je washegari. Kwana ɗaya bayan an tsagaita wutar yaƙi a Nuwamban 1918, Monet ya rubuta wa abokinsa Georges Clemenceau, firaministan Faransa a lokacin, cewa zai ba ƙasa kyautar zane. Ya ci gaba da aiki a kansu har mutuwarsa, da idon da aka yi wa aikin yana a 1923. An buɗe su ga jama'a a Mayun 1927 a gidan Orangerie da ke tsakiyar Faris: manyan zane takwas a ɗakuna biyu masu siffar ƙwai, tsayin kowanne kusan mita 2, in an jera su tsawonsu ya kai mita 91. Ka fara zuwa ƙauyen, sannan ka zo nan. In ka juya tsarin za ka je tafkin kana neman zane a cikinsa. In ka bi shi daidai, za ka shiga ɗakin da tafkin a cikin idonka.

Ranar Lahadi ce, ƙanena ba ya aiki, na ja shi muka tafi, yana ta mitar kuɗin tikiti. Muka shiga ɗaki na farko. Ya je dab da bangon har mai gadi ya ɗaga masa hannu, ya dawo ya ce mini babu komai a wurin sai shafe-shafen fenti, ko ɗansa zai iya. Na ce ya zo tsakiyar ɗaki ya zauna. Ya zauna yana latsa waya. Can na ga ya sa ta a aljihu. Muka yi shiru wajen minti goma, shi da bai iya shiru ba.

"Yaya," ya ce, bai juyo ba, "ka tuna tafkin bayan makarantar allo, da safe, kafin shanu su shigo su dama shi?"

Na ce na tuna.

"An ce yanzu an cike shi an yi shaguna."

Ya tambaye ni ƙarfe nawa jirgin farko yake tashi daga Saint-Lazare, da ko ana ba da hayar keke mai kujerar yaro a baya.